Injin Filen da Ƙyauren Hajiya Zuhra

Ku samarin da kuke tsayawa a bakin soron nan kuna kallon katako yana shiga ta gaba yana fita ta baya sumul, ina jin abin da kuke faɗa in kun juya baya. Wai aikin Malam Habu ya zama na 'yan gata, maɓalli kawai yake dannawa inji ya ƙarasa masa. To ku jawo bencin nan ku zauna. Tunda an ɗauke wuta, ni kuma ba ni da niyyar ƙona mai yanzu, bari ku ji yadda ɗan injin nan ya shigo lungunmu, da abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya dafa irinsa a kasuwa ya ce shi yake so.

Aikin farko da aka taɓa danƙa mini murfin akwatin katako ne, a rumfar maigidana Malam Sule, can wajen Ƙofar Dawanau. Kafin ranar, damina ta zo ta wuce ban taɓa komai ba sai dutsen wasi da tsintsiya. Wuƙar filen ɗin hannu, abin da ake fere katako da shi, zai miƙo mini, in wasa, ya gwada ta a gashin hannunsa, ya mayar mini in sake. Ranar da ya ba ni falle biyu na katakon obece mai taushi ya ce in haɗa su su zama murfi ɗaya, sai na duƙa na yi ta turin filen har kowanne ya yi santsi kamar tangaran. Na kai masa ina jin kaina. Ya ajiye su gefe da gefe a kan benci, ya kama ɗan yatsana ya ja shi a kan mahaɗar. Yatsan ya yi tuntuɓe. Ɗaya ya fi ɗaya kauri.

"Habu," in ji shi, "santsi na mai saye ne. Kauri shi ne na kafinta. Kowa zai iya sa katako ya yi sheƙi, amma a sa falle goma su zo kai ɗaya, nan sana'ar take."

A hannunsa na koyi kanne ido ɗaya in duba tsawon katako in ga inda ya yi doro, da inda ya murɗe, da yadda ake bin jijiyarsa don kada ya tsage. Duk da hannu. In aka yi mana aikin ƙofofin gida guda, sai ka wuni kana turi har ka kasa ɗaga hannu ka kai loma baki.

Da na samu 'yanci na kafa rumfata a bakin titi wajen Ƙofar Kabuga, a nan na yi mafi yawan shekaruna. Gadaje, ƙofofi, bencinan makaranta, kantocin 'yan tireda, babu abin da bai fita daga rumfar nan ba. Lokacin manyan injina sun zo kasuwar 'yan katako, sai ka sayi katakonka, a tura maka shi a babban injin filen a nan take, ka ɗoro a kura ka taho. Filen ɗin hannu ya koma na gyaran baki. Daga baya aka shigo da allunan nan na garin katako da aka matse aka lulluɓe da leda, waɗanda kuka taso kuka tarar. Su ba ruwansu da filen, a yanka a ɗaure da sukuru shi ke nan. Ban raina su ba, na yi aiki da su na ci abinci. Amma ruwa ya taɓa su sau ɗaya ka ga yadda suke kumbura kamar burodi.

Sai shekarar da ta zo mini a karkace. Aka zo aka shafa jan fenti a bangon rumfunanmu, za a faɗaɗa titi. Muka kwashe abin da za mu iya, aka rushe. Katakon da na tara na busarwa na kai filin wani abokina na jingine, aka rufe da leda, iskar farkon damina ta yaye ledar, ruwa ya yi kwana da kwanaki yana dukansa, rana ta biyo baya. Da na je ɗauka, rabinsa ya lanƙwashe kamar kwarin kwalekwale. A shekarar dai kafaɗata ta dama ta ce ta gaji. Likita ya ce gaɓar ta cinye, in daina turi da ɗaga nauyi. Na kwaso benci da zarto da guduma na dawo soron gidanmu a nan Jakara, inda kuke zaune yanzu. Kun dai ga lungun. Mai kura in ya shigo, sai mai tahowa ya manne da bango.

Nan na koma gyaran ƙafar kujera da sa wa taga sakata. Yayyena da ƙannena suka yi ta cewa in haƙura, yara sun girma, su riƙe ni. Na ce musu kafaɗa ɗaya ce ta mutu, ido da kai suna nan.

Wani teburin cin abinci shi ya nuna mini inda matsalata take. Wani malamin makaranta ya kawo aikin, na zaɓo masa katako mai kyau, na kai wajen masu babban inji na ce a ɗan taɓa shi kaɗan, a bar mini kauri. Layi ya yi tsawo, mai injin yana sauri, ya sauke wuƙa ya ci katakon da yawa a tashi ɗaya. Falle uku suka fito sirara, ɗaya kuma ya yage a wajen ƙulli. Ba mugunta ya yi ba, shi katakon rufi ya saba turawa, wanda ba mai shafa shi da hannu. Amma teburin bai yiwu yadda aka so ba, malamin kuma bai sake dawowa ba. Ranar na gane cewa muddin wani ne zai yanke mini kaurin katakona, to ni ba kafinta ba ne, ɗan aike ne.

Ana cikin haka Hajiya Zuhra ta aiko a kira ni. Dattijuwa ce, gidansu na cikin tsofaffin gidajen unguwar nan, kakanninta fatake ne da suka zo daga Turabulus suka zauna. A ƙarshen daminar da ta wuce, bangon soron gidan ya zube, ya danne ƙofar gidan. Na tarar an jingine ƙyauren biyu a tsakar gida, sun yi baƙi ƙirin, ƙasansu ya ruɓe, faffaɗan ƙusoshin maƙera sun yi tsatsa a jikinsu. Na sa wuƙa na ɗan karce gefe. Ja ya bayyana a ƙarƙashin baƙin. Maɗaci ne, irin wanda yanzu ko da kuɗinka ba ka samu.

"Malam Habu," ta ce, "ƙofar nan ta ga shigar kakana, ta ga fitar gawarsa. Yaran nan sun ce ƙarfe za su sa mini, irin mai ƙara kamar an buɗe gareji. Za ta gyaru ko ba za ta gyaru ba? Kada ka faɗa mini abin da nake son ji."

Babban ɗanta, Alhaji Munir, yana tsaye a gefe. Ya ce, "Malam, ba ƙin ta muke ba. Hajiya ce a gidan sai mata da yara. Magina za su fara ɗaga bango. In sun kai kan ƙofa babu abin da za a rataya, ba zan bar gidan a buɗe ba, ƙarfe zan sa."

Maganarsa gaskiya ce. Na duba fallayen ɗaya bayan ɗaya. Da zarton hannu aka tsaga su tun zamanin da, kowanne da kaurinsa, wasu sun murɗe. Sai an warware su duka, an cire ruɓa, an fere fuska an daidaita kauri, sannan a sake haɗawa. Masu babban inji ko kallon tsohon katako ba sa yi saboda tsoron ƙusa. Da hannu kuwa, maɗacin da ya shekara ɗari yana bushewa, ko ina saurayi sai na ji a jikina.

Na ce, "Hajiya, za ta gyaru."

Da na fito na san na ɗaure kaina. Dole in nemo injin da zai shiga lungun nan, ya zauna a soron nan, ya kuma ci maɗaci.

Na taɓa ganin ƙananan injinan filen, irin waɗanda mutum biyu za su ɗauka su ɗora a benci, amma ban taɓa aiki da su ba. Kafin in fita kasuwa na yi abu biyu. Na auna fallen da ya fi faɗi a ƙyauren, na yanki sanda daidai faɗinsa na sa a aljihu. Na kuma yanko guntaye daga wajen da za a zubar, don ba a sayen biri a sama, kuma injin da ya ci obece yana murmushi ba lalle ya ci maɗaci ba. Sannan na aika wa 'yata Sa'adatu. Ita lantarki ta karanta, aikinta haɗa wa mutane sola a gidaje. Ta zo daga gidan mijinta da ɗan akwatin awonta a jaka.

"Baba, kai ka san katako, ni na san waya," ta ce. "Kada ka biya sai na duba, ni ma ba zan ce komai a kan wuƙa ba."

Shagon farko da muka shiga a Sabon Gari, sabo fil aka fito mana da shi daga kwali, rawaya, yana ƙyalli. Mai shagon ya ɗaga shi shi kaɗai don ya nuna mana rashin nauyinsa. Abin da ya ɗauka talla ne, ni shi ya fara sa ni shakka. Injin da zai danne katako ya ja shi, in ba shi da nauyi, katakon ne zai ja shi. Na zaro sandata na gwada a bakinsa, ta shiga da ƙyar. Na kama kan injin, wato inda wuƙaƙen suke, na girgiza. Ya motsa. Ginshiƙi biyu ne kawai suke riƙe da shi. Kan da yake motsi a hannunka, in katako ya shiga zai ɗaga, in zai fita ya sunkuya, sai ya kwashe maka bakin katako gaba da baya kamar an sa cokali. Na tambayi wuƙarsa.

"Baba, wannan ba a wasa ta. In ta dakushe juyawa ake yi, in ɗaya gefen ma ya ƙare a jefar a sa sabuwa."

"Sabuwar tana ina?"

"Za a kawo. Kaya suna hanya."

Na ce Allah ya kawo su lafiya, muka fita. Ku riƙe wannan. Kada ka sayi injin da wuƙarsa take hanya. Ranar da za ta dakushe, aikin mutane ne a gabanka.

Na biyu a wajen masu kayan gwanjo muka gan shi, ɗan ƙasar waje, an yi amfani da shi amma da sauransa sosai. Wannan kam ya shiga raina. Ginshiƙi huɗu, nauyi kamar buhun siminti, sandata ta shige har da sarari. Na girgiza kan, ko gezau. Har na fara taya shi a zuciyata. Sa'adatu ta tsuguna ta goge wani ɗan ƙarfe da ke manne a bayansa, ta karanta, ta ɗago.

"Baba, wannan ba namu ba ne. Na ƙasar da wutarsu ɗari da goma ce. Tamu ta ninka haka."

Mai kayan ya ce ai abu ne mai sauƙi, taransifoma ake sa masa.

"Haka ne," in ji ta, "amma taransifomar da za ta ɗauki wannan ta kusa shi nauyi. Ga wutar unguwarmu da take zuwa a raunane. Kuma ranar da wani ya manta ya jona shi kai tsaye a bango, hayaƙi kawai za a gani."

Na tsaya ina shafa injin. Na ce mata ko dai a gwada, ni zan kiyaye. Ta ce, "Baba, mun yi da kai ba za ka biya ba sai na duba. Na duba." Na sake shi muka tafi. Har muka hau adaidaita ina waiwayensa, ba zan ɓoye muku ba.

Muka yi ta yawo, yau nan gobe can, magina kuwa suna ta ɗora bulo. Wani ya nuna mana mai faɗin da bai kai sandata ba. Wani ya ƙi yarda a kunna nasa sai an biya. Duk wanda ya hana ka gwaji, ya riga ya faɗa maka abin da ke ciki.

A Ƙofar Ruwa muka dace, a rumfar wani mai gyaran injinan hannu, Malam Tasi'u. Yana can ƙarƙashin tebur, fentinsa ya koɗe, ƙura ta rufe shi. Wani mai yin kujeru ne ya daina sana'a ya bar masa ya sayar. Ba wanda zai kalle shi sau biyu. Na sa aka fito da shi. Ginshiƙi huɗu. Ga wani hannu a gefe da ake dannawa ya kulle kan bayan an saita kauri. Sandata ta shiga. Na sa Malam Tasi'u ya buɗe murfin, na ga wuƙaƙe biyu masu kauri, irin waɗanda ake kwancewa a wasa a mayar. Na danna robar da take jan katako da babban yatsa, ba ta tsattsage ba, ba ta kuma yi taurin dutse ba. Sa'adatu ta karanta bayansa ta ce wutarmu ce. Ta kwance wasu 'yan murafu biyu ta zaro gawayin motar injin ta duba, ta sa hanci ta shinshina wayoyin ko sun taɓa ƙonewa, ta tambayi bel ɗinsa. Malam Tasi'u ya miƙa hannu ya ciro irinsa a rataye a ƙusa.

"Malam, a kunna," na ce.

Ya tayar da janareta. Na fara tura guntun maɗaci, na saita ya ci kaɗan. Na kasa kunne. Muryar injin ta ɗan sauka da katakon ya shiga, amma ba ta shaƙe ba. Ya fito ja wur. Sai na ɗauki sirara biyu, na tura ɗaya ta gefen dama, ɗaya ta gefen hagu, na ajiye su gefe da gefe a kan tebur na ja yatsa a kan mahaɗar. Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne. In kan injin ya karkace, gefe ɗaya zai fi ci, kuma duk abin da ka tura har abada zai fito kamar bakin gatari. Yatsana ya wuce bai ji komai ba. Na duba bakin katakon, ya ɗan kwasa kaɗan, abin da za a iya maganinsa in an tallafi katakon da hannu wajen shiga da fita.

Sa'adatu tana riƙe da abin awonta a jikin waya. Ta ce, "Baba, inji ya yi. Amma ƙaramin janaretanka na gida ba zai ɗauke shi ba. Yana tashi zai kashe shi."

Babur ɗina na sayar na sayi janaretan da ta nuna. Shi ya sa kuke ganina a ƙafa. Da aka kawo injin bakin titi, a baro muka ɗora shi, ya shige lungun nan ba tare da ya taɓa bango ba.

Ranar da na fara kunna shi a soron nan, kafin in tura falle na biyu sai ga maƙwabcina Malam Inuwa a bakin ƙofa, hannu a kunne. Bangonmu ɗaya, mahaifiyarsa tsohuwa tana kwance a ɗakin da ke jikin soron. Abin da ban lissafa ba ke nan a kasuwa, inda kowa ke ƙara. Ƙaramin injin nan ihunsa ya fi jikinsa.

"Malam Habu, jirgi ka saya?"

Na kashe, muka zauna. Muka yi da shi cewa ba zan kunna ba sai hantsi ya yi an fito da tsohuwa tsakar gida, in an kira azahar kuma in kashe sai gobe. Na sa tsohuwar taya a ƙarƙashin bencin don kada bango ya riƙa rawa. Lokacin aikina ya ragu rabi, magina kuma ba su rage nasu ba. Ɓawon katakon da yake tarawa kuwa har gwiwa, matar Malam Inuwa ce take aikowa a kwashe mata don shimfiɗar kaji, sai ya zama an samu abin sada zumunci.

Ƙyauren nan, kafin ko falle ɗaya ya ga inji, sai da na zare kowace ƙusa da hantsaki, na tara su a kwano. Na wanke fallayen da burushin ƙarfe, don ƙasar da ta shige cikin tsohon katako tana cin wuƙa fiye da katakon kansa. Na ɗauko mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika na bi kowane falle da shi a hankali, inda ya kama in haƙa in ciro guntun da ya karye a ciki. Sannan ga abin da masu cewa danna maɓalli ne ba su sani ba. Injin nan ba ya miƙar da katako. In ka tura masa murɗaɗɗe, zai danne shi ya fere, yana fita ya koma murɗaɗɗensa, sai dai ya ƙara sirancewa. Don haka na yi shimfiɗa da miƙaƙƙen allo, in ɗora falle a kai, in cusa 'yan guntaye a duk inda ya ɗaga har ya daina rawa, in tura su tare. In fuska ɗaya ta kwanta, sannan in juya. Kowane turi kaurin farce kawai nake ci. Maɗacin da ba za a sake samu ba, abin da ka fere ya tafi ke nan.

Ina cikin falle mafi faɗi, wanda na yanka sanda dominsa, sai na ji ƙyas, na ga tartsatsi. Na kashe. Falle ya fito da wani dogon layi a tsaye tun daga tsakiya har ƙarshe. Guntun ƙusa ne ya nutse can ciki inda mayen ƙarfe bai jiyo shi ba. Wuƙaƙen biyu duk sun ɓalle a wuri ɗaya.

A daidai ranar Alhaji Munir ya leƙo. Ya ga inji a buɗe, wuƙaƙe a kan benci, ƙyauren kakanninsa a warwatse falle falle.

"Malam Habu, magina sun kai kan ƙofa. Na riga na yi magana da mai walda."

"Alhaji, ka ba ni zuwa Juma'a."

"Injin ma ai ga shi ya lalace."

"Bai lalace ba. Haƙori ya ɓalle, kuma irin wanda ake wasawa ne. Da na sayi mai ƙyallin nan, da yanzu na ce maka ka kira mai waldarka."

Ya tsaya yana kallon fallayen da aka gama, jajaye, a jere a jikin bango. Ya sa hannu ya shafa ɗaya. Ya ce, "Dama haka launinta yake?" Na ce haka kakan Hajiya ya gan ta. Ya ce zai sa a toshe ƙofar da kwanon rufi zuwa Juma'a, amma daga nan ba zai ƙara ba.

Na yi wa wuƙaƙen ɗan maƙali na katako don su tsaya a kwana ɗaya, na zauna da dutse da mai. Wasi ba ya son kafaɗa, wuyan hannu yake so da haƙuri. Ɓallin bai fita duka ba, don in na ce sai ya fita zan cinye wuƙar. Da na zo mayarwa sai na gusa ɗaya dama kaɗan, ɗaya hagu kaɗan, yadda inda wannan ta bari waccan za ta share. Na tura falle. Layin ya ɓace.

Ƙasan da ya ruɓe na yanke, ƙyauren ya rage tsawo. Na cike da katakon tsohon dogarin ƙofar, wato firam ɗinta, wanda shi ma maɗaci ne, na gindaya shi a ƙasa. Ƙusoshin na kai wa maƙeri ya miƙar ya ƙone tsatsar, na mayar da kowace a layinta. Daga ciki na ƙara sakata biyu na ƙarfe masu kauri saboda hankalin Alhaji ya kwanta. Da aka haɗa fallayen, ka ja tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan, ba za ka san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. Man gyaɗa ban sa ba, fenti ban sa ba, man katako kawai na shafa ya sha.

Ranar Juma'a da hantsi aka rataya. Lokacin zafi ne, katako ya bushe iyakar bushewa, don haka na bar 'yar tazara tsakanin ƙyauren biyu, kamar kaurin tsinken ashana biyu. Alhaji Munir ya kara ido ya ce yana hango haske ta ciki, ko dai awo ya kuskure. Na ce masa katako yana numfashi, in na matse su yanzu, da damina sai an sa ƙafa kafin a buɗe. Ya ce to, za mu gani. Sai ga Hajiya. Ta fito da sandarta, ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta shiga ta fita, ta sake shiga, sannan ta sa aka kawo mana fura.

Da damina ta kankama, aka kwana biyu ana ruwa, ƙofofin lungun nan duk suka kumbura, tawa ma sai da kafaɗa ake ture ta. Da gari ya waye na sa takalmin roba na bi ta cikin taɓo har ƙofar gidan. Tazarar ta rufe ruf, ko takarda ba za ta shiga ba. An zare sakata, yara sun fita makaranta. Na sa ɗan yatsa ɗaya na tura. Ta buɗe shiru. Na jawo ta, ta koma ta zauna. Na sake turawa, na sake jawowa.

Sai na ji muryar Hajiya daga cikin soro.

"Wane ne yake wasa da ƙofar mutane da sassafe?"

"Ni ne, Hajiya. Habu kafinta."

"To in ka gama gaisawa da ita, ka shigo. Tagogin bene guda shida suna nan tun na kakana, kuma Munir ne da kansa ya ce a kira ka."